Ruwan Kwatar Mai Agwagi

Zuwa ga 'Yar Kwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da aikinki da mutanen da kike zaune da su. Mu nan kowa lafiya lau, in aka cire ƙafar Kawunki Tela, wadda ita ce dalilin takardar nan.

Kada ki tsaya kina juya ambulan kina tunanin wace ce wannan. Ni ce Gwaggonki Mai Sabulu. Kakarki ta wajen uba da mahaifiyata 'ya'yan wa da ƙane ne. In lissafin ya ba ki ciwon kai ki bar shi, ki tuna matar da kika yi hutu a gidanta kina ƙarama, wadda ta tsamo ki daga lambatu kina kamun talibambam, ta dirje ki da soso har kika ce sai kin gaya wa babanki. Ni na sa miki sunan nan, kuma na ji har yau bai sake ki ba. Na san rabona da neman ki an daɗe, ki yi haƙuri, zumunta a ƙafa take, mu kuwa ƙafar ce ta ba mu matsala.

Tsohon kwanon rufi ne ya yanke shi a ƙwauri, ranar da ya ce shi zai gyara rumfar shago da kansa. Ciwon da bai kai ɗan yatsa ba ya zama gyambo. An ba shi kafso, an sauya, an yi allura, an sauya, yanzu yana kwance a asibiti ana ɗura masa ta jijiya. Likita ya ce ƙwayar cutar da ta shiga ba ta jin magani, duk wanda aka kawo ta san shi. Ya ce in ta kai ƙashi sai dai a cire ƙafar daga gwiwa. Ƙafar dama ce, 'yar nan, wadda yake taka keken ɗinki da ita tun kafin ya aure ni.

Shi dai dariya yake yi, wai ko ba komai zai huta da sayen takalmi biyu. Ni ce ba na dariya. Shi ya sa ban kira ki a waya ba, kunnensa kamar na zomo, kuma ba na so ya ji muryata tana rawa. Direban babbar mota da ke zuwa garinku maƙwabcinmu ne, shi zai riƙa kai miki takarda.

An ce aikinki kenan, nazarin ƙwayoyin da suka gagari magani. In akwai abin da kika sani, ki faɗa mini. In babu, ki faɗa mini gaskiya, ni ba yarinya ba ce.

Taki,
Gwaggo

*

Gwaggona,

Na amsa gaisuwa, na kuma gane ki tun daga layin farko, don har yanzu bayana yana tuna sosonki. Ina lafiya. Ki gaishe mini da Kawu, ki ce ina tuna 'yar rigar da ya ɗinka mini da ƙyallayen da suka rage, mai aljihu har uku.

Na jinkirta amsa ne don ban so in aiko miki da baki kawai ba. Na yi magana da likitansa, mutumin kirki ne, ya aiko mana da samfurin ƙwayar ta hanyar ɗakin gwajinsu. Gaskiyarsa ce, ta gagari magungunan da ake da su. Amma akwai wata hanya da muke aiki a kanta. Kowace ƙwayar cuta tana da nata maƙiyi, wata halitta da ta fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, muna ce mata fej. Ba ruwanta da jikin mutum, ƙwayar kawai take shiga ta fasa. Matsalar ita ce tsirfa gare ta, kowace da irin abincinta. Na gwada duk waɗanda muke ajiye da su a firij, babu wadda ta kalli ƙwayar Kawu.

Karen bana shi ke maganin zomon bana, Gwaggo. Sau da yawa inda ƙwaya take zaune, nan kusa maƙiyinta yake. Kuma wurin zamansu ɗaya ne, ruwan ƙazanta. Don haka ki samo kwalabe, ki ɗebo mini ruwan lambatun bayan asibiti, da na kasuwa, da na layinku. Ki sa safar hannu, ki rubuta wa kowace kwalba inda aka ɗebo ta, ki sa su cikin kular ƙanƙara ki ba direba. Yadda kika same shi haka nake son sa.

Ba zan yi miki alkawari ba. Wani lokaci ana dacewa, wani lokaci ba a samu. Kuma ko an samu, sai an tace, an gwada, an nemi izini, likita ne zai ba shi da hannunsa. Kada kowa ya kai ruwan nan kusa da ƙafar.

Taki,
'Yar Kwata

*

'Yar nan,

Gaisuwa da fatan alheri. Kawunki yana gaishe ki, ya ce aljihu huɗu ne, kin manta na ciki.

Na karanta takardarki har sau biyu, na ce oh ni, wato duk karatun da aka yi miki bai raba ki da lambatu ba. To ga saƙonki nan. Na je bayan asibiti da kasuwa da kaina, mutane suna kallona kamar wadda ta zautu. Na layinmu na ɗebo a ƙofar gidana, don kin san dai wajena yana da kyan gani. Ban je wajen Mai Agwagi ba. Ba ki san shi ba, bayan tafiyarki ya tare a gidan da ke jikin namu, ya cika shi da agwagi, kwatarsa kuwa ko kare ya zo wucewa sai ya sauya hanya. Na kai ƙararsa wajen duba-gari har na gaji, rabon da mu gaisa shekaru. Wannan ruwa ba na aika wa mutum ba ne.

Na shirya miki kayan yadda ba za ki ji kunya gaban abokan aikinki ba. Na sa miki sabulu guda shida na hannuna.

Gwaggo

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Sabulu ya iso, na gode, har shugabata ta ɗauki biyu.

Gwaggo, me kika yi wa ruwan nan?

Da na buɗe kula na ga kwalabe garau kamar na sayarwa, amma na ce bari dai in gwada. Na tace, na zuba a farantan da na shuka ƙwayar Kawu, na jira. Babu abin da ya motsa. Na sake, na kuma jira. Sai da na kai hancina bakin kwalba na ji ƙanshin bilic. Na nemi direba a tasha, ya ce shi dai ya tarar da ke a tsakar gida da tukwane uku a kan wuta, kina tacewa da farin ƙyalle, kina cewa ba za a ce daga gidanki aka aika da ƙazanta wani gari ba.

Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga baya kuma na yi kuka, don na san kwanakin da suka tafi ba namu ba ne, na ƙafar Kawu ne. Kin dafa sojojin da na aike ki ki ɗauko mini. Likita ya gaya mini jiya cewa jan da ke kewaye da ciwon ya ƙara hawa sama.

Ki ji ni da kyau. Kada ki tafasa. Kada ki tace. Kwalba a ɗauraye ta da ruwa kawai. Wanda ya fi wari, ya fi baƙi, ya fi daɗewa a kwance, shi nake so. Kuma na Mai Agwagi nake so kafin na kowa, tunda ke da kanki kin yi masa shaida.

'Yarki

*

'Yar Kwata,

Na gaishe ki. Jikin Kawunki da sauƙi, haka ake cewa, amma ya rage dariya, abinci ma sai na tsaya a kansa.

Takardarki ta ƙona mini rai, don kin yi gaskiya. Amma ki duba ni ma. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa miƙa wa mutum abu ban wanke shi ba. Da kika ce yadda na same shi, na ɗauka kara ce irin ta yaran kirki, kada ki wahalar da tsohuwa. Na ce tafasa ɗaya me zai rage? Ashe komai zai rage.

Na je gidan Mai Agwagi. Sai da na sa mayafi na cire sau biyu. Na yi sallama, ya leƙo, da ya ga ni ce sai ya waiga bayana yana neman duba-gari. Na ce ni kaɗai ce, alfarma na zo nema. Ya ce wace iri. Na ce ruwan kwatarsa. Ya tsaya yana kallona, ya ce, "Maƙwabciya, in shaida za ki kai kotu, ki faɗa mini in taya ki ɗiba, na gaji."

Nan fa na ajiye girman kan nan nawa da kika sani. Na gaya masa komai, har maganar gwiwa. Ya shiga ciki ya fito da ludayi mai dogon hannu, ya naɗe wando, ya shiga har wajen da ya fi zurfi, inda agwagin suke kwana, ya ce nan ne asalin abin. Yana ɗiba yana ba ni labari, wai duk shekarun da nake kai shi ƙara, Kawunki ne ke yi masa facin kaya a ɓoye, ta bayan shago yake miƙa masa. Ka ji munafukan maza. Na riƙe kwalba ina kau da kai, ƙwalla tana zuba, rabi wari rabi kunya.

Ga su nan, na asibiti da na kasuwa da nasa. Ban taɓa ba. Direba ya ce shi a saman mota zai ɗaure kular.

An sa ranar aikin cire ƙafar, 'yar nan. Likita ya ce zai ja ta iya yadda zai iya, amma ba zai sayar da ran mutum don ƙafa ba. Ban ga laifinsa ba.

Gwaggonki

*

'Yar nan,

Direba ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannunsa wayam. Ya ce bai ma gan ki ba, mai gadi ya karɓi kula.

In fushi kike yi da ni, ki yi, na ci. Amma Kawunki bai tafasa komai ba. In kuwa ruwan ne bai yi ba kike jin nauyin faɗa, na gaya miki tun farko ni ba yarinya ba ce. Jiya ya sa na kawo masa gwangwanin man keke asibiti, ya ce in ba wa abokin sana'arsa na shagon gaba, kada keken ya yi tsatsa kafin a samu mai saye. Na ce masa babu inda keken nan zai je. Ya ce to, irin "to" ɗin da ake yi wa yara.

Layi ɗaya ya ishe ni.

Gwaggo

*

Gwaggona ta kaina,

Wane irin fushi? Ban san direba ya zo ba, a ɗakin gwaji nake wuni, wanka ma kada ki tambaye ni, don na san abin da za ki ce. Na ƙi rubutu ne sai na tabbata, kada in ɗaga miki rai a banza. Yanzu na gane shirun ya fi ciwo, ki yafe mini.

An samu.

Bari in gaya miki yadda abin yake a ido. Ƙwayar Kawu in ta girma a faranti, rufe shi take yi ruf, kamar an shafa man shanu. Farantin ruwan asibiti haka ya tashi, na kasuwa ma haka. Na Mai Agwagi kuwa da na ɗaga shi wajen haske, sai ga huji-huji ko'ina, garau, kamar asu ya ci zane. Kowane huji wurin da fej ta cinye ƙwayar ne. Na yi ihun da ya sa shugabata ta fito da gudu tana zaton wuta ce.

Mun hayayyafa ta, mun tace ta tacewar da ko ke sai kin sara mana, mun gwada ba ta ɗauke da wani abin cutarwa. Likita ya samu izini, Kawu zai sa hannu. Za a riƙa wanke ciwon da ita, a haɗa da maganin da yake sha, don sau da yawa in ƙwayar ta juya tana kare kanta daga ɗaya, sai ɗayan ya samu ƙofa. Ya yarda ya ɗaga ranar aiki ya ga abin da zai faru.

Saura abu ɗaya. Ƙwayar nan makira ce, yadda ta koyi magani tana iya koyon fej. Ina son in samu ta biyu in ajiye a gefe. Ki koma wajen Mai Agwagi ki ɗebo mini wani daga daidai wurin nan.

Ki ce wa Kawu ya karɓo man kekensa.

'Yar Kwata

*

'Yata,

Gaisuwa da godiya da addu'a, Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki. An fara sa maganin. Warin ciwon ya ragu, mugunya ta ragu, ma'aikaciyar jinya ta ce ta ga jan nama mai kyau a gefe. Likita dai ya ce kada mu yi saurin guɗa, ni kuma ina yin ta a ciki.

Amma ki zauna ki ji abin da ya same ni. Na ɗauki kwalba na nufi gidan Mai Agwagi da murnata, ina zuwa na tsaya cak. Kwata fes. An kwashe, an share, an kwarara bilic, an ma shafe bakinta da siminti. Ga shi tsaye a gefe da sabuwar tsintsiya, yana washe baki kamar yaron da ya ci jarrabawa. Wai tun ranar da na tsuguna a bakin kwatarsa ina kuka kunya ta hana shi sakat, ya ce mace mai daraja irina ba za ta sake tsugunawa a ƙazanta saboda shi ba.

Shekara da shekaru ina roƙon mutumin nan ya share kwata, bai tashi sharewa ba sai ranar da ta zama magani. Na ce, "Wa ya aike ka? Wa ya ce ka taɓa ta?" Ya ce, "Ke." Layi ya cika, mata suna leƙe ta katanga, suna jin Mai Sabulu da bakinta tana yi wa mutum faɗa don ya yi tsafta. Har yau in na wuce sai na ji ana ƙunshe dariya.

Da na huce na yi masa bayani, ya dafe kai. Can sai ya ce in biyo shi. A bayan ɗakin agwagin akwai wani rabin duro da suke wanka a ciki, da ruwan kwatar yake cika shi, ya ce ya yi niyyar zubarwa bayansa ya riƙe. Allah ya yi wa ciwon bayan nan albarka. Ruwan kore shar, har wani kumfa yake yi. Ban jira ludayi ba, na sa safa na tsoma kwalba da hannuna.

Na ce masa duron nan ko duba-gari ya zo, ya gaya masa na Mai Sabulu ne.

Gwaggo

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina kuma gaida Mai Agwagi da bayansa. Na karanta takardarki a ɗakin gwaji, sai da aka karɓe ta daga hannuna don na kasa ƙarasawa.

Duron ya ba mu ta biyu, ba irin ta farko ba ce, kuma ita ma tana cin ƙwayar. Da kyau da muka nema, don samfurin da likita ya aiko na baya-bayan nan ya nuna wasu sun fara taurin kai. Mun haɗa biyun mun aika. Sauran kuma sun shiga firij ɗinmu, wataƙila wata rana su yi wa wani amfani a wani gari. Shugabata ta tambayi sunan da za mu rubuta a jikinsu. Na ce Agwagwa ta Ɗaya da Agwagwa ta Biyu.

In na samu hutu ina nan tafe. Ki ɓoye soso.

'Yarki

*

Zuwa ga 'yata mai aljihu huɗu,

Kawunki ne. Gwaggonki ta ce hannunta ya gaji da rubutu, ni kuwa na san bakinta ne ke son hutu, don tun da aka sallamo ni take ba wa duk mai sayen sabulu labarin fej, har ta fi ki iya bayani.

Ina gaishe ki da kyau. Ƙafa tana nan inda Allah ya dasa ta. Ta rame, akwai rami a ƙwaurin da zai ɗauki ƙwai, kuma ina ɗingishi kaɗan. Likita ya ce in riƙa zuwa ana dubawa, kada in ɗauka an gama. Na ce masa to, na gaske wannan karon.

Zan gaya miki abin da ban gaya wa Gwaggonki ba, ko da yake tana tsaye a kaina tana karantawa. Duk dariyar da nake yi a asibiti, tsoro ne. Ba zafin wuƙa nake tsoro ba. Zama nake tsoro, in zauna a ƙofar gida ina jin keken wani yana kuka.

Shekaranjiya na buɗe shago. Na sa wa keken mai, na zauna, na daɗe ina kallon matakin ban ɗora ƙafa ba. Da na ɗora na taka, sai ya amsa. Gwaggonki tana tsakar gida tana yanka sabulu, na ji wuƙar ta tsaya. Ba ta shigo ba. Can na jiyo tana fyace hanci tana cewa soda ce ta shiga mata ido.

Ɗinkin farko na Mai Agwagi ne, riga da wando, kuma ta ƙofar gaba ya zo ya karɓa. Na biyu naki ne, farar rigar aiki, ga ta nan wajen direba. Na ƙiyasta awon da ido, in ta yi yawa ki zo da ita da kanki a rage.

Gwaggonki ta ce in gaya miki ta wanke rigar kafin ta naɗe. Sau biyu. Na ce ai sabuwa ce, ta ce wannan dai ba ki hana ta ba.

Naki,
Kawu Tela